Ɗakin da Ranau Ya Yaɓe Maka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗana Habibu, Autana, wanda gwamnati ta ce daga yanzu a riƙa kira Malam Habibu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya a gidan goggonka a Kankiya, kai da ita da yaranta. Mu nan Kusada lafiya lau, sai dai ƙafar uwarka da ke motsawa in hadari ya haɗu. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya sauke ka lafiya inda aka tura ka.

Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, baƙaƙen sai hawa kan juna suke. Na zaɓi takarda ne don ranar da ka tafi ban iya ja da kai ba. Kai da bakin makaranta, ni da wannan guntuwar murya da ta rage mini, da na ɗaga ta sai tari. Ka faɗi taka, ka ɗauki jakarka da rediyonka mai kaset, ko furar da uwarka ta dama ba ka tsaya ka sha ba. To yanzu zauna ka ji tawa, tunda ita takarda ba a katse mata magana.

Maganar guda ce. An tura ka koyarwa sabuwar firamaren da aka gina can bayan garin Ƙofa, kusa da gidan Ranau. Ranau abokina ne, Bamaguje ne, ba ya salla, duk ka san wannan. Da ya ji labari sai ya yaɓe maka ɗaki a gidansa, ya bi mutanensa gida-gida yana faɗa musu ɗan abokinsa wurinsa zai sauka. Kai kuma ka ce ba ka kwana ƙarƙashin jinkar wanda ba ya salla, gara ka haɗa benci biyu a aji ka kwanta. Ka ce za ka je ka nuna musu ƙarfin addini. Da na ji kalmar nan, ƙarfi, sai na gane ta sarai. A bakina ka gaje ta.

Kai ba za ka tuna muryar ubanka sosai ba, kana yaro ta tafi. Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina da sauran ƙuruciya, sabon ladan a masallacin unguwarmu. Kusada ta lokacin ba rufin kwano ko ɗaya, sai soro da jinka, da asuba ba ka jin komai sai zakara da turmi. In na hau matakalar ƙasar nan ta jikin masallaci, na sa yatsu na toshe kunnuwa, na saki murya, wallahi tantabarun gidan Liman tashi suke. Mutanen ƙauyen Boko in sun zo cin kasuwa su yi ta tsokanata, wai sun sallami ladaninsu tunda nawa kiran yana isa. Ƙarya suke, na sani, amma daɗi nake ji har tafiyata ta canza. Allah Sarki, zamani! Wani lokaci ina zaune a zaure sai in ji muryar nan a kunnena kamar ta wani mutum da na taɓa sani.

A shekarar nan na san Ranau. Ƙarshen damina ne, kakanka ya ɗora wa jakinsa gyaɗa ya ce in kai Kankiya. A wani rafi jakin ya nutse cikin laka har ciki. Na ja, na tura, na doke shi, na yi masa irin ihun da na iya, ko gezau. Sai ga wani ƙato ya ɓullo daga cikin dawa, warki a ƙugu, fartanya a kafaɗa. Ya ajiye fartanya, ya shiga lakar, ya sa kafaɗa ƙarƙashin cikin jakin, ya ɗago shi da kayan gaba ɗaya ya dire a tudu. Ni ban san sanda na ce, “La haula wala ƙuwwata illa billah!” ba.

Ya ce, “Mi ka ce, malam?”

Na gyara tsayuwa na ce, “Cewa na yi babu dabara, babu ƙarfi, sai da Allah.”

Ya dubi jikinsa, laka har wuya, ya dube ni, ya ce, “Yo to, ni da na sha lakar fa? Ko sannu babu?”

Maimakon in ji kunya sai na ji haushi. Na kama yi masa wa’azi tun daga bakin rafin har muka hango rumfunan kasuwar Kankiya, shi ko yana kora mini jaki yana dariya. Da za mu rabu ya ce, “Sai wata rana, Lahaula.” Sunan da ya sa mini ke nan, har yau bai taɓa kirana da wani ba. Abin da na faɗa masa gaskiya ne, Auta, amma ban faɗe shi a wurinsa ba. In mutum ya shiga laka dominka, ka fara ce masa sannu, ka ba shi ruwa ya wanke jiki. Wa’azin ba guduwa zai yi ba.

Daga nan muka saba. Duk ranar kasuwa sai ya biyo zaurenmu da ƙwan zabi ko ɗan zuma a tulu. Marigayi Liman Isiyaku, wanda ya koya mini karatu, yakan zauna da shi a tabarma guda su yi ta hirar ruwan sama da irin dawa. Ni kuwa abin yana ɗan sosa mini rai, ina cewa a zuciyata, malami kamar wannan ya samu Bamaguje a hannu ya tsaya zancen dawa.

Bayan ’yan shekaru aka shiga yayin yawon musuluntarwa. Manya suna zuwa da motoci ƙauye-ƙauye, ana raba farin yadi da carbi, ana kiran sunayen waɗanda suka kawo mutane. Ni ma na so a kira nawa. Ban gaya wa Liman ba, na sa babbar rigata na kama hanyar gidan Ranau da kaka, a ƙafa, rana na dukana. Na iske suna bikin auren ƙanensa, gari ya cika, ganguna na tashi, tulunan giya a jere a inuwa. La’asar ta yi. Na duba na ga wani babban suri a bakin fili, na haye, na toshe kunnuwa, na rufe ido, na saki kiran salla da duk abin da Allah Ya ba ni, da niyyar in danne gangunan nan. Sai kuwa kiɗa ya tsaya cak. Na ce a raina, yauwa, ga ƙarfin addini. Da na gama na buɗe ido, ba wanda ya motsa daga inda yake. Yara sun saki baki suna kallona. Ashe ba muryata ta tsayar da kiɗa ba, Ranau ne ya ɗaga wa makaɗa hannu ya ce su saurara abokinsa ya gama.

Na yi sallata ni kaɗai, shi yana tsaye da kara yana kore karnuka kada su gifta ta gabana. Da na sallame, matarsa Kande ta zo ta durƙusa da ruwa a ƙwarya. Ranau ya karɓa ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, “Sabuwa ce, Lahaula, jiya aka fafe ta. Giya ba ta taɓa ta ba.” Ƙishirwa kamar ta kashe ni, maƙogwarona ya bushe ƙamas. Amma haushin ba wanda ya bi ni salla ya rufe mini ido. A gaban ’yan’uwansa da surukansa da baƙinsa na ce, “Ba ni shan ruwan gidan arna.” Ranau ya je gindin wata ɗorawa ya tsiyaye ruwan a hankali, ya juyo ya ce, “Allah ya kai ka gida lafiya.” Na dawo Kusada da ƙishirwata, ina tafe ina yaba wa kaina.

Ka ga, ni a lokacin gani nake ina tsare wa Allah mutunci ne. Haba! Wanda Ya ɗaga sama ba ginshiƙi, shi ne zai jira ladanin Kusada ya hau suri ya tsare Shi? Sunana nake nema, na lulluɓe shi da babbar riga na kira shi addini. Ina roƙonka duk sanda ka ji zuciyarka ta tafasa kana cewa don Allah ne, ka tsaya ka tambaye ta da kyau, don tawa ta yi mini ƙarya ranar nan kuma na yarda da ita.

Ranau bai sake taka zaurenmu ba. Shekaru suka wuce, aka yi yaƙi aka gama, sannan aka shiga shekarar farin nan, kana ɗan makaranta, za ka tuna yadda dawa ta bushe a tsaye ba ta fidda kai ba. A cikin wannan hali ciwon maƙogwaro ya kama ni. Na sha sassaƙe, na sha allura a asibitin Kankiya, ciwo ya tafi amma ya tafi da muryar. Na wayi gari ko sallama ba na iya yi sai da raɗa. Na yi kuka, Auta, ba zan ɓoye maka ba. Aka sa wani ya hau matakalata, ni kuma na koma cikin sahu na zauna kusa da Liman Isiyaku, wanda a lokacin tsufa ya kama shi sosai.

A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Da sabon ladan ya kai inda ake cewa ku taho ga salla, sai na ji masallaci duka ya ɗauka ƙasa-ƙasa, tsofaffi da samari, “La haula wala ƙuwwata illa billah.” Na san haka ake amsawa, tun ina yaro aka koya mini. Amma duk shekarun nan ina bisa matakala, yatsuna cikin kunnuwana, ba na jin kowa sai kaina. Liman ya ga na yi sororo, bayan an sallame ya riƙe mini hannu.

Ya ce, “Ladan, yau ka ji amsarka?”

Na ɗaga kai.

Ya ce, “Kai kana cewa su taho, su kuma suna gaya maka ko tashi daga tabarma ba su iyawa sai in Allah Ya tashe su. Kira ne naka. Tayarwa ba taka ba ce, ba ta taɓa zama taka ba. Da ka sauko da wuri da ka huta.”

Sunan da Ranau ya sa mini don tsokana, sai ranar na san ainihin ma’anarsa. Ƙarfin Allah ba irin namu ba ne mai jijiyar wuya. Dubi dawa, ka taɓa jin ƙarar tsirowarta? Ka shuka, ka koma gida, Shi Ya tsaga ƙasa Ya fito da ita. Shekarar da Ya riƙe ruwa kuwa, duk ƙattin ƙasar nan da fartanyoyinsu ba wanda ya fitar da zangarniya guda. Zuciyar mutum ma a hannunsa take, ba a hannun mai murya ba.

Ana cikin yunwar nan, rumbunmu ya kusa ƙasa, uwarka ta fara haɗa tuwo da dusa, sai wata ranar kasuwa na ji sallama a ƙofar zaure, “Lahaula yana ciki?” Ranau ne, da jaki ɗauke da tsohuwar dawa irin wadda suke ajiyewa shekara da shekaru a rumbu, da tulun zuma. Ya zauna inda ya saba zama kamar jiya ya tashi, ya ce, “Matan Fulani sun ce ka yi shiru. Na ce tabɗi, bari in zo in ga wanga abin mamaki da idona.” Na buɗe baki in ba shi haƙuri, murya ta ƙi fita, sai hawaye. Ya ce, “Kai, bari. Mutumin da ko Babbar Salla guda bai manta ni da nama ba, in ji yana yunwa in zauna? Ranar nan rana ce ta buge ka, na sani.”

Wane nama? Ni ban taɓa aika masa ko ƙashi ba. Da ya tafi na shiga cikin gida na iske uwarka tana tankaɗe, na tsaya a kanta ina nuna ƙofa da hannu. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Ni ce. Duk shekara in na raba naman layya sai in ba Bafulatanar da ke kawo mana nono, tunda rugarsu na kusa da su, in ce ta ce in ji Lahaula.” Na yi raɗa na ce don me ba ta gaya mini ba. Ta ce, “Malam, da wane kunnen za ka ji? Kullum a toshe suke. Kai kana sama kana kira, ai sai wani ya tsaya ƙasa ya riƙe mutane.” Dawar nan ita ta kai mu har sabuwa ta nuna, kai ma da ita ka rayu.

Ka san Nomau, babban ɗan Ranau, wanda yanzu ake kira Abdullahi, mai gemun nan da ke zuwa Juma’a da keke. Ba mota ta kawo shi ba, ba yadi, ba ni ba. Shi da bakinsa ya gaya mini tun yana yaro yake cin naman nan duk shekara, yana mamakin wane irin addini ne ke sa mutum ya zage ka a gaban jama’a amma ya kasa manta ka ranar idinsa. Mamakin ne ya yi ta jansa har ya je ya zauna gaban wani malami a Ƙofa. Ranau bai hana shi ba, shi ya saya masa buta ma. To ka ga inda tasirin mumini yake. Ni na yi ihu a kan suri ba wanda ya motsa, uwarka ta ƙunshe nama a ganye ba wanda ya ji motsinta, Allah Ya ga dama Ya bi ta hannunta.

Yanzu zamanin man fetur ne, komai da inji. Bara wani ɗan unguwarmu da ya samu buɗi a Ikko ya kawo wa masallaci lasifika mai batir, aka ce ni zan fara kira da ita don girmamawa. Na yi raɗata a bakin ƙarfen nan, sai ga mutanen Boko suna cewa wannan karon da gaske sun ji. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Abin da na yi shekaru ina tinƙaho da shi, ga shi ana sayarwa a kanti. Kaset ɗinka ma haka ne, Auta. Malaman da ke ciki Allah Ya saka musu, amma in ka ƙure ƙara a tsakar gidan mutane, su ƙarar za su ji. Ka saurara a ɗakinka, wanda ya so ji zai matso da kansa.

Ban ce ka sassauta addininka ba, kada ka juya mini magana. Giya ko kusa da ita kada ka je. Naman da ba a yanka da sunan Allah ba kada ka ci, ka faɗa da murmushi, sun san wannan tun kafin a haife ka. In suna hidimar tsafinsu ka koma ɗakinka. Sallarka kada ta wuce lokacinta ko da sufeto ne a aji. Amma ’ya’yansu da za su kawo maka, ka koyar da su kamar ƙannenka, kada ka yi dariyar sunayensu, kada ka ware ’ya’yan Musulmi a benci na gaba. In an yi musu mutuwa ka je ka zauna a ƙasa ka yi gaisuwa. In ana gayya ka tuɓe rigar malanta ka karɓi fartanya. Duk abin da za su sani game da salla, a jikinka za su fara karanta shi.

Shi Ranau har yau bai yi salla ba. Abin yana damuna ƙwarai, ba asubar da ba na sa sunansa a addu’a, ina tsoron ɗayanmu ya mutu a haka. Amma na daina ɗauka ni zan tashe shi. Abin da ya rage mini shi ne kada ƙofar ta rufe, kuma yanzu ƙofar nan a hannunka take. In ka wuce gidansa ka je ka kwana kan benci, bayan ya gaya wa kowa, ka maimaita masa abin da na yi masa, kuma wannan karon ba shi da sauran shekarun da zai jira a gyara.

Ranar kasuwar da ta wuce, bayan tafiyarka, ya zo. Ya tsufa, Auta, ƙaton nan da ya ɗaga jaki yanzu da sanda yake dogarawa. Ban gaya masa abin da ka ce ba, bakina ya kasa. Ya zauna ya zana ɗakin a ƙasa da sandarsa, ya ce, “Lahaula, nuna mini gabas ɗinku daidai. Zan sa a haƙa ma yaron bayan gida nashi shi kaɗai, Nomau ya ce ba a fuskantar da shi inda kuke kallo in kuna salla, ina tsoron in yi kuskure.” Na karɓi sandar na nuna masa. Ya ce Kande ta sayi sabuwar tukunya, kuma duk kazar da za a dafa kai za ka yanka da hannunka. Ya tambaye ni da asuba wane lokaci zai buga maka ƙofa, tunda can ba ladan.

Da ya miƙe zai tafi ya tsaya a bakin zaure, ya ce, “Ƙwaryar nan fa tana nan.” Na ce wace ƙwarya. Ya ce, “Taka. Tun ranar na rataye ta a jinka, ba wanda ya sa mata baki. Na ce wata rana za ka dawo da ƙishirwa. To ƙafarka ta ƙi, tawa ma ta kusa. Na sa an sauko da ita an wanke, da ita za a tari ɗanka.”

Shi ke nan maganata. In ka isa, ka cire takalmi a ƙofar gida, ka durƙusa ka ce masa Baba. Kande za ta kawo ruwa a wata tsohuwar ƙwarya da hayaƙi ya rina. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi bisimilla a fili yadda kowa zai ji, ka sha. Ka sha mini, Auta, na daɗe da ƙishirwar nan.

Uwarka tana gaishe ka, ta ce ka wuce ba ka ɗauki daddawar da ta ƙulla wa Kande ba, ga ta nan na haɗa da takardar. Ka gai da goggonka. Allah Ya kiyaye hanya, Ya raba ka da sharrin mota da sharrin zuciya, Ya sa ka zama sanyi ga mutanen da za ka zauna cikinsu, Ya dawo mana da kai muna raye. Dabara da ƙarfi duk nasa ne.

Ni ne ubanka,
Ladan, wanda ake kira Lahaula a bayan Ƙofa.